Motar da Inna Ta Auna da Kamu

Har yau dangin mijina suna cewa motar gidanmu ba zaɓenta muka yi ba, wai ni ce na fasa mata gilashi, dillali ya rataya mana ita a wuya. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya ce. Gilashi kam na fasa, da dutse, da hannuna na dama, in yau aka maimaita sai na sake fasawa. Amma ba shi ya sa muka sayi motar ba. Na gaji da a riƙa ba da labarina a gidan suna ana dariya, shi ya sa na ɗauki biro zan rubuta da kaina. Ban iya rubutu ba sai bayan na yaye ɗana na biyar, a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Ranar nan dai ba zan manta da ita ba har a rufe ni.

Maigidana ɗan cin rani ne. Da an gama girbi sai ya kama hanyar Legas, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Haka ƙaninsa, haka yawancin mazan layinmu a nan Matameye. Wata bakwai a shekara gidan nawa ne, ni da yara biyar da mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna. Inna ƙaramar mace ce, marar yawan magana, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuwa da kowa ya san bakina ban taɓa iya ɗaga mata ba.

A lokacin shekara biyu ke nan tana fama da ƙari a ciki. Likita a nan ya duba ta ya ce aiki za a yi mata, kuma sai a Damagaram. Ya ce kada a bari ya ƙara wata damina. Inna ta ce ba za ta ba. Ɗanta ya roƙe ta ta waya har muryarsa ta shaƙe, malamin unguwa ya zo ya yi mata nasiha, ni na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Amsarta ɗaya ce: ita da Damagaram sai dai labari. Duk mun ɗauka wuƙar likita take tsoro. Muna kallo tana ramewa, zanen da take ɗaurawa yana ƙara zagaye ta.

Ana cikin haka, tsakiyar bazara, maigida ya bugo ya ce abin da ya daɗe yana tarawa ya kai, gida ya yi mota. Shi ba zai samu zuwa ba, amma ya turo ƙaninsa na mako biyu, mu je Damagaram tare mu zaɓa. Ƙanin nan tun a hanya ya gama zaɓensa. Kat-kat yake so, wato jif, doguwa, baƙa, wadda in ta tsaya a ƙofar gida za a san gidan akwai maza. Ya ce ita ce za ta iya yashin hanyar Ɗan Barto in za a je gona. Na ce masa gonar da ya rabu da ita tun yana da gashi a ka? Ni abin da nake so mota ce da za ta kwashe ni da yarana gaba ɗaya, wadda ba ta shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, wadda tsohuwa za ta shiga ba sai an cicciɓe ta ba.

Da safen tafiya ina ɗaura ɗankwali sai na ga Inna a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta sa fararen kaya, ta yafa farin mayafi. Ta ce da ita za a je. Matar da shekara biyu ko sunan garin ba ta son ji. Ni da ƙanin miji muka kalli juna. Murna ta hana ni tunani, na ce a raina wataƙila in ta ga garin za ta saki jiki. Da na san abin da ke ranta, ban san ko zan yarda ta shiga motar haya ba ranar.

Mun isa filin dillalan mota rana ta take tsaka. Wuri ne babba a bayan gari, an kewaye shi da waya, motoci jere sahu-sahu, kowacce an rubuta mata lamba da farin alli a gilashi. Ba kowa sai dillali ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Ban taɓa shiga wuri mai tarin motoci haka kuma shiru haka ba. Ko tsuntsu babu. Sai dai ƙarfe yana ɗan ƙas-ƙas saboda zafi, can nan, can can, kamar motocin suna gyara kwanciya. Duk daga ƙasashen Turawa aka kawo su ta Kwatano, kowacce ta yi rayuwarta a hannun wasu mutane kafin ta zo nan.

Dillalin wani Alhaji ne mai faɗin fuska da zaƙin baki. Ya tarbi Inna da “Hajiya, sannu da hanya.” Ta ce masa ba ta je ba tukuna, kada ya ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ya yi dariya shi kaɗai.

Da na faɗa masa abin da nake nema, ya kai mu ƙarshen sahu, wurin wata mota ruwan toka. Ba doguwa ba, ba babba ba, kamar an ɗauki bas an matse ta da hannu. Amma ciki! Kujeru na fata, biyu a gaba, uku a tsakiya, sannan ya ja wata igiya a baya sai ga wasu biyu sun taso daga ƙasa. Bakwai cif. Bayan kowace kujerar gaba akwai ɗan tebur da ake buɗewa. Sanyi yana fitowa har ta baya. Ƙofarta ƙasa-ƙasa, Inna ta ɗaga ƙafa ta shiga ba wanda ya taɓa ta. Da ya rufe mana ƙofa sai duniya ta ɗauke ɗif. Ina ganin bakin Alhaji yana motsi a waje, ban jin komai. Gilasan baya kuma masu duhu ne, na ciki yana ganin na waje, na waje sai ya manna fuska.

Da ya tayar da ita, wata muryar mace ta yi magana daga cikin allon gaba. Ba Faransanci ba ne, don da shi ne da na tsinci ko kalma biyu. Ƙanin miji ya ce, “Matar yaya, ke da kika shiga ajin lakwal da furfura, fassara mana.” Na ce cewa ta yi wanda bai da ko sisi a ciki ya rufe baki. Muka yi dariya, amma ni muryar ba ta yi mini daɗi ba. A hankali take magana, kamar mai tambayar inda mutanenta suka shiga. A gilashin baya kuma na ga wasu ’yan zane da aka manna, uba da uwa da yara uku riƙe da hannun juna. Ɗaya daga cikin yaran an kankare shi, sai shatinsa. Ni tunda na iya karatu ba abin da idona yake wucewa, wani lokacin har da abin da ba a ce in karanta ba.

Alhaji ya kashe ta, ya kulle, muka tafi wurin kat-kat ɗin ƙanin miji. Nan aka daɗe. Ya hau, ya sauka, ya buga taya da ƙafa, ya buga wa yayansa waya yana nuna masa. Inna ba ta ko gwada hawa ba. Ta dai ce a buɗe mata baya, ta leƙa, ta tambaya ko kujerun suna kwanciya. Aka kwantar, suka yi tudu a tsakiya kamar kunyar gero. Ta juya. Sai ta ce a mai da ta wurin ta farkon.

Alhaji ya danna makulli, ƙofar baya kaɗai ta ɗaga. Inna ta ce a kwantar da kujerun nan duka. Ya ajiye makullin a ciki don ya samu hannu biyu, ya ja nan ya danna can, kujeru biyar suka shafe suka zama daɓe ɗaya sumul. Yana ta zuba, wai buhu nawa za ta ɗauka, wai ko firiji. Inna ba ta sauraronsa. Ta naɗe hannun riga, ta ɗora gwiwar hannunta a bakin ƙofa, ta miƙe yatsu, ta sa alama, ta matsa. Kamu take yi. Ɗaya, biyu, uku. Na sha ganin mata suna auna zane haka, amma irin wannan awon, a natse, leɓe yana motsi, wuri ɗaya na taɓa ganinsa: ranar da ake yanka likkafanin kakata.

Kafin in yi magana ta cire takalmi, ta jera su a ƙasa, ta hau da rarrafe. Ta kwanta a kan gefenta na dama, ta miƙe ƙafafu, ta ja mayafin ta rufe har fuska. Daga ƙarƙashin mayafin ta ce, “Ku rufe, in ga ko ƙafata za ta taɓa.”

Ƙanin miji ya ce, “Inna, mene ne haka kuma?” Ta ce ya rufe ta ce. Yaron da aka haifa a gidan nan ba ya musu da Inna sau biyu. Ya sa hannu ya ja ƙofar, ta sauko a hankali, ta kama. Fitilu suka ƙifta sau ɗaya, muka ji ƙat a ƙofofi huɗu.

Alhaji ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Ni na riga shi ganewa, domin na ga inda ya ajiye makullin.

Na manna fuska a gilashi na kare da hannu. Ga ta nan, fara fat, a miƙe, takalmanta a waje kusa da ƙafata. Ban san ko da gangan ta yi ba, amma fuskarta gabas take kallo. Makullin yana nan dab da kanta. Na ƙwanƙwasa, na kira ta. Ƙanin miji ya buga da tafin hannu, ya zagaya ɗaya gefen ya buga. Mayafin nan ko motsi. Na zuba ido a daidai ƙirjinta ina neman numfashi, duhun gilashin ya hana ni tabbatarwa. Wani lokaci in ga kamar yana ɗagawa, wani lokaci in ga idona ne. Jikin motar kuwa ba ya taɓuwa don zafi, na san abin da ke ciki ya fi.

Alhaji ya ce a kwantar da hankali, akwai wani makulli a gidan mai motar, a unguwar Birni, zai buga waya, rabin awa ya isa. Ya ce gilashin irin wannan ba a samunsa a garin nan. Ƙanin miji ya tsaya da waya a hannu, yana kallon uwarsa yana kallon Alhaji. Ban zarge shi ba a lokacin, yanzu ma ba na zarginsa sosai. Namiji in an ce masa abu mai tsada ne, hannunsa yakan yi nauyi.

Akwai dutsen da aka tokare tayar wata mota da shi. Na ɗauko. Na zaɓi gilashin gefen direba, nesa da fuskarta. Bugu na farko dutsen ya dawo mini kamar na bugi ƙarfe. Na biyu na haɗa da duk haushin shekara biyun nan, gilashi ya zube kamar gishiri. Motar ta kama kururuwa, filin nan da ya yi shiru ya amsa. Na ja hannun ƙofa ta ciki, ta ƙi. Sai na cusa kaina da kafaɗa ta tagar, zafi ya buge ni kamar bakin tanderu, na miƙa hannu tsakanin kujeru har na kamo makullin. Tabon yana nan a damtsena. Na danna duk abin da ke jikinsa, kururuwa ta tsaya, ƙofar baya ta ɗaga da kanta.

Duk wannan ƙarar, Inna ba ta motsa ba.

Ba wanda ya iya matsawa. Ni na je. Na kama tafin ƙafarta. Wallahi sanyi gare shi, a cikin motar da ta kusa dafa ni. Na ce, “Inna.” Na sake cewa. Sai daga ƙarƙashin mayafin, da muryarta ta kullum, ta ce, “Ta yi. Akwai sauran taƙi guda.”

Ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta nemi takalmanta. Na tambaye ta, da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba, ko ba ta ji muna bugawa ba. Ta ce ta ji, can nesa, kamar daga cikin rijiya. Ta ce ashe haka ake ji.

Nan take na ce ba na son motar. Ni da na kawo mu wurinta. Na ce ba zan zuba yarana inda na ga kakarsu a miƙe cikin farin zane ba, ko kyauta aka ba ni. Aka daidaita da Alhaji a kan gilashinsa, ya ce ba dole, mu je mu yi shawara. Wannan shi ne abin da dangi ba sa faɗa in suna ba da labarin: mun bar filin nan ba mu sayi komai ba. Muka kama hanyar Matameye.

Bayan la’asar na same ta a ɗakinta. Na zauna ina tsince ɓarɓashin gilashi daga mayafinta, ina yi ina huci. Na ce mata abin da ta yi ba kyau, fata ne take yi wa kanta, kuma ta tsorata ɗanta. Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni ko na san yadda aka kawo mahaifin mijina gida. Na ce na san a asibitin Damagaram ya rasu, kafin a auro ni. Ta ce wannan kowa ya sani.

Ta ce rani ne, ’ya’yansa duk suna Najeriya, ita kaɗai ce a kansa. Ya cika da hantsi. Ya riga ya roƙe ta kada a binne shi cikin baƙi, a kai shi kusa da iyayensa. Motar da ta samu ƙaramar motar haya ce. Shi kuwa dogo ne. Direba ya ce ba yadda za a yi sai an naɗe ƙafafun, aka kwantar da shi a kujerar baya gwiwa a lanƙwashe, kansa a cinyarta. A hanya motar ta lalace, suka yini a gindin gawo ana gyara. Kafin su iso, jiki ya riga ya sandare.

“Masu wanka sun yi iya yinsu,” in ji ta. “Ina bayan ƙofa ina jin abin da suke yi. Bai miƙe ba. Mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Allah, haka aka sa shi a rami kamar ɗan tayi. Ban faɗa wa ’ya’yansa ba, ke ma ba don ki faɗa ba ne.”

Na riƙe wannan magana har bayan ranta, sai da ’ya’yan suka ji daga bakina kafin in rubuta ta a nan.

Ta ce ita ba wuƙa take tsoro ba, ba kuma mutuwa ba, wanda ya kai shekarunta ya gama wannan lissafin. Hanyar dawowa take tsoro. In an sayi motar nan za ta je a yi aikin. In ta tashi, ta dawo a zaune. In ba ta tashi ba, ta dawo a miƙe. Na kasa ɗaga kai. Shekara biyu ina yi wa matar nan faɗa a kan tsoron da ba shi ne nata ba.

Na ce to an gama, gobe za a sayo. Sai ta ce saura ɗaya. Ƙaramin ɗanta zai koma Legas nan da kwana goma, babban ba zai zo ba sai ruwa ya sauka, aikin kuwa an ce kafin ruwa. Mota ba ta kawo gawa da kanta. Na ce sai a ɗauki direba. Ta ce direba ne ya naɗe mata miji, ba don mugunta ba, don shi sauri yake yi, ba nasa ba ne. Ta dube ni, ta dubi ƙyallen da na ɗaure damtse da shi.

“Maza biyu suna tsaye,” ta ce, “ke kika ɗauki dutse.”

Na gane ni take so in tuƙa ta, na ce to.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in babba ya kafe a kan a’a, kada ka tsaya kana ƙara masa hujja, ka nemi abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba. Mu duka mun je filin nan neman motar da za ta ɗauke mu, kowa da irin tafiyar da ke ransa, tsohuwar da ba mu tambaya ba ita ce ta san wace tafiya ce ta fi wuya. An yi mata aikin, ta dawo a kujerar gaba tana yi mini faɗa wai ina gudu, ta ƙara shekara huɗu, ta cika a kan gadonta. Amma ranar ban san haka za ta kasance ba. Abin da na sani kawai, na ɗauki alkawarin da ban iya ba.

Da gari ya waye na tashi ƙanin miji, na ce ya buga wa Alhaji ya ce ruwan tokar nan an saya, ya nemo mata gilashi ko daga Kano ne. Yana ta tambaya me ya canza cikin kwana ɗaya, na bar shi tsaye. Na yafa mayafi na nufi shagon mai hoto a bakin tasha, na ce ya ɗauke ni hoton takardun parmi, wato lasisin tuƙi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce parmin wa, na maigida ko na yaro?

Na zauna a kan kujerarsa, na gyara ɗankwali, na ce nawa ne, ya ɗauka.